Kiɗa da Wasannin Gargajiya a Ƙananan Gidajen Tarihi: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu kula da ƙananan gidajen tarihi, da 'yan kwamiti, da makaɗa da mawaƙan da ake gayyata, da kuma 'yan kallo. An fara da na farko-farko, sannan aka gangara zuwa masu buƙatar dogon bayani.

Mene ne gidan tarihi na al'umma, kuma me ya raba shi da babban gidan tarihi na ƙasa?

Girman gini bai shiga maganar ba. Abin da ya raba su shi ne wanda ke da ta cewa. A babban gidan tarihi na ƙasa, gwamnati da masana ne ke zaɓar abin da za a adana da yadda za a ba da labarinsa. A na al'umma kuwa mutanen wurin ne ke kawo kayan kakanninsu, su ne ke zama a kwamiti, kuma sau da yawa su ne 'yan sa-kai masu buɗe ƙofa da share daɓe.

Wannan tunani ya yi ƙarfi ne tun daga 1967, lokacin da cibiyar Smithsonian ta buɗe gidan tarihin unguwar Anacostia a Washinton, a cikin wani tsohon gidan silima, ƙarƙashin jagorancin John Kinard. A 1972 wani taron masana a Santiago ta ƙasar Chile ya yi kira da gidajen tarihi su shiga cikin rayuwar jama'ar da ke kewaye da su. A jihar Oaxaca ta Meziko ƙauyuka sun riƙa kafa nasu tun 1986, kuma a 1994 aka buɗe gidan tarihin District Six a Cape Town domin mutanen da mulkin wariyar launin fata ya kora daga gidajensu.

Me ya haɗa gidan tarihi da kiɗa? Ba wurin shiru da kallo ba ne?

Gangar da aka rataye a akwatin gilashi itace ce da fata kawai. Abin da ya sa ta zama ganga, wato hannun da ya san kaɗa ta, da taken da ake yi da ita, da ranar da ake fito da ita, duk yana jikin mutane ne, kuma yana tafiya kabari tare da su idan ba a koya wa wani ba. Gidan tarihin da ya adana gangar ya bar makaɗin, rabin amanar ya riƙe.

Duniya ta yarda da haka a rubuce. Yarjejeniyar UNESCO ta 2003 ta lissafa adabin baka, da wasanni irin su kiɗa da rawa, da bukukuwa, da sanin muhalli, da sana'o'in hannu a matsayin gadon da ya wajaba a kare. A watan Agusta na 2022 kuma, a Prague, majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta amince da sabuwar ma'anar gidan tarihi wadda ta haɗa gadon da ake taɓawa da wanda ba a taɓawa, ta kuma ambaci sa hannun al'umma. Ko manyan gidaje ma sun daɗe da sanin amfanin abin. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan an kwashe zane-zanen National Gallery ta Landan an ɓoye saboda bama-bamai, mai kaɗa fiyano Myra Hess ta shirya kiɗan tsakar rana a cikin ginin daga 1939 har 1946, mutane suna yin layi su shiga.

Wane irin wasa ne ya dace da ƙaramin gidan tarihi?

Wanda ke da dangantaka da abin da gidan ke adanawa, ko da mutanen da suka kafa shi. Waƙoƙin aiki a gidan da ke nuna kayan noma ko na kamun kifi ko na haƙar ma'adinai, tatsuniya da gada a ranar yara, waƙen baka na tarihin sarauta da yaƙi, rawa, wasan kwaikwayo, da zaman da maƙerin kayan kiɗa zai ɗaura ganga a gaban jama'a yana bayani. Wannan na ƙarshe bai da hayaniya, bai cin kuɗi da yawa, kuma yara ba sa mantawa da shi.

Kiɗan zamani ma yana da wuri. Matashin da ya taso a unguwar yana rera abin da ke damun tsararsa yana ƙara shafi ne a tarihin wurin. Abin gudu shi ne gidan ya koma zauren haya, inda kowane mai kuɗi zai kafa lasifika ba tare da wasansa ya taɓa komai na gidan ba. Kafin a amince da kowane wasa a duba amsoshin da ke ƙasa kan girgiza da kuma cunkoso.

Wa ke da ikon zaɓar abin da za a nuna, kuma akwai abin da bai kamata a fito da shi fage ba?

Masu abin. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a nan, kuma a kanta ne gidajen tarihi da yawa suka yi kuskure a baya. An yi zamanin da ake kwaso mutane daga ƙasashen da aka mallaka a kai su manyan baje-koli na Turai da Amurka, a sa su rawa a bayan shinge ana kallonsu. Ƙaramin gidan tarihi ma zai iya maimaita wannan cin zarafi a ƙaramin sikeli, idan ya tsara komai a ofis sannan ya aika a kirawo makaɗa su zo su cika minti ashirin tsakanin jawabin shugaba da rabon kyauta. Daidai shi ne a zauna da su tun ranar farko, su faɗi waƙar da za su yi, da tsawonta, da wanda zai gabatar da su, da yadda suke so a rubuta sunayensu.

Akwai kuma abubuwan da ba na kallo ba ne. Kusan kowace al'umma tana da waƙar da ba a yi sai a makoki, ko kiɗan da ba a kaɗawa sai don wani mutum guda, ko wasan da mata kaɗai ko waɗanda aka shigar cikin wani sirri kaɗai ke halarta. Ƙa'idojin ɗa'a goma sha biyu da UNESCO ta amince da su a 2015 sun ce a girmama irin waɗannan iyakoki, kuma a nemi yardar masu abin tun kafin a fara, bisa cikakken sani, ba tare da matsi ba. Idan dattawa suka ce ba a fito da abu kaza, maganar ta ƙare, ko da shi ne zai fi jawo jama'a. Wani lokaci su da kansu za su kawo mafita, su ce a yi wani ɓangare a bar wani, ko a yi bayani da baki ba tare da an kaɗa ba.

A lura kuma al'umma ba baki ɗaya take magana da shi ba. Wanda ya fi kusa da kwamiti ba lallai shi ne mai haƙƙin waƙar ba. A tambayi mata, a tambayi gidajen da suka gaji sana'ar, a tambayi baƙin da suka zauna a wurin shekaru da yawa.

Ƙarar kiɗa za ta iya lalata kayan tarihi?

Za ta iya, amma ba ta inda mutane ke zato ba. Muryar mawaƙi ko sarewa ba ta cika yin illa ba. Matsalar tana ga sauti mai kauri na manyan lasifikoki da manyan ganguna, da dirin ƙafafun 'yan rawa, domin su ne ke bi ta daɓe da bango su isa ga kanta. Tukunyar da aka liƙa bayan ta fashe, da fentin da ya fara ɓarewa, da tsohon gilashi, su ne ke fara jin jiki. Ƙananan kaya kuma kan riƙa matsawa kaɗan-kaɗan a kan kantar gilashi har su kai baki. Daɓen katako da bene sun fi daɓen siminti na ƙasa ɗaukar girgiza.

Maganin bai da tsada. A yi gwaji kafin ranar wasa: a ajiye kofin ruwa a kan akwatin nuni a ga ko ruwan na rawa, a sa alama a gindin kowane abu a duba ko ya gusa. A ɗora lasifika a kan roba mai kauri, a nisanta ta da bango, a juya fuskarta daga kayan. Abin da ya fi rauni a mayar da shi ma'ajiya na kwana guda. Idan akwai farfajiya ko inuwar bishiya a harabar gidan, rawa da manyan ganguna can suka fi dacewa.

Cunkoson jama'a fa, yana da illa ga kaya?

Sau da yawa ya fi ƙarar illa. Mutum guda a zaune yana fitar da zafi kamar na wat 100, ga numfashi da gumi da ke ƙara laima a ɗaki. Itace da fata da hauren giwa suna kumbura idan laima ta hau, su tsuke idan ta sauka, kuma wannan hawa da sauka cikin gaggawa shi ke tsaga su. Ma'aunin da manyan gidajen tarihi da yawa ke bi shi ne laima tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari, da zafi tsakanin digiri 16 da 25. Ƙaramin gida ba lallai ya iya riƙe waɗannan lambobi ba, amma zai iya ƙayyade yawan masu shiga, ya buɗe hanyar iska, ya rataye ɗan ma'aunin laima ya riƙa rubuta abin da ya nuna kafin taro da bayansa.

Fitilun dandali kada su haska tufafi, takardu ko hotuna. Irin waɗannan kaya haske kaɗan ake ba su, luks 50 a ma'aunin haske, kuma launin da haske ya cinye ba ya dawowa. Abinci da abin sha kuma a waje, don ɓurɓushi na kiran ɓeraye da ƙwari.

Za mu iya ciro tsofaffin kayan kiɗan da ke ajiye a kaɗa su?

A nan masana kansu sun rabu. Wasu na cewa kayan kiɗan da ba a ji muryarsa ba ya mutu. Wasu na cewa duk lokacin da aka ɗaure tsirkiya ko aka ja fata, ana cin wani abu daga jikinsa wanda ba za a iya mayarwa ba, kuma gyaran da ake yi domin ya kaɗu yakan shafe shaidar yadda maƙerin farko ya yi aikinsa. Kowane ɓangare yana da misalinsa. Gogen da shahararren maƙerin goge ɗan Italiya Stradivari ya ƙera a 1716, wanda ake kira Messiah, yana gidan tarihin Ashmolean a Oxford, ba a goga shi, shi ya sa ya kasance kusan yadda ya fito daga hannun mai shi. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka kuwa ya karɓi kyautar wasu kayan Stradivari a 1935 da nufin a riƙa kaɗa su a gaban jama'a. A 1939 an busa kakakin Fir'auna Tutankhamun guda biyu a Alƙahira aka watsa ta rediyon BBC, amma na azurfar ya fashe a lokacin shiri, sai da aka gyara shi.

Akwai hanya ta uku wadda ƙananan gidaje ya kamata su yi nazarinta. A Niagassola ta ƙasar Gini, tsohon balafon (kayan kiɗa na jerin katakai da ake bugawa da sanda) da ake kira Sosso-Bala yana hannun zuriyar Kouyaté, kuma dattijon zuriyar ne kaɗai ke kaɗa shi, a wasu lokuta na musamman. UNESCO ta sanya wannan al'ada cikin fitattun gadon ɗan Adam a 2001. Abin lura shi ne masu gadon ne suka kafa dokar wanda zai taɓa da lokacin taɓawa, kuma dokar ce ta tsare shi.

Shawarar da ta fi aminci ita ce, idan abu guda ne tak babu irinsa, ko ya tsage, ko gara ta taɓa shi, a bar shi ya huta. A ba maƙeri na yanzu aikin yin irinsa, a kaɗa sabon a gefen tsohon. An tsare tsohon, an ji sautin, kuma an ba mai sana'a aiki. Idan iyalin da suka kawo abin suna son a riƙa ba su aronsa ranar bikinsu, a rubuta wannan sharaɗi tun ranar karɓa.

Dole ne mu biya makaɗa? Mu ma aikin sa-kai muke yi.

A biya su. Wanda ya yi shekara talatin yana koyon waƙoƙin gidansu masani ne, kuma ba a gayyatar masani daga jami'a a sallame shi da "mun gode" kaɗai. Cewa wai an ba shi dama ya yi suna ba lada ba ne. Idan aljihun gidan bai da nauyi, a faɗa masa gaskiya tun farko, a yi shawara: rabon kuɗin ƙofa, ko a bar shi ya sayar da faya-fayansa da kayan da ya ƙera, ko a rage yawan wasanni a shekara domin kaɗan ɗin da za a yi a biya su yadda ya kamata. Kuɗin mota da na ɗauko kaya ba sa cikin ladan. Idan makaɗi da kansa ya ce ya yafe, wannan kyautarsa ce, a rubuta sunansa cikin masu tallafa wa gidan.

Biyan yana da wata fa'ida mai nisa. Yaro ba ya gadon sana'ar da ya ga ta bar ubansa da yunwa. Japan ta kafa dokar kare kayan al'adu a 1950, Koriya ta Kudu a 1962, kuma ƙasashen biyu suna tallafa wa ƙwararrun masu fasahar gargajiya da kuɗi domin su horar da magada.

Za mu iya ɗaukar sauti da bidiyo mu sa a intanet?

Sai da izini, kuma izinin kala-kala ne. Yardar a ɗauka domin ajiya a gidan tarihi daban take da yardar a sa a YouTube ko Facebook, kuma dukansu daban suke da yardar a sayar. A rubuta takarda gajera cikin harshen da mai wasan ke ji, a karanta masa idan ba ya karatu, a ba shi kwafin takardar da na abin da aka ɗauka. Haƙƙin mai wasa a kan wasansa abu ne da dokokin duniya suka sani, tun daga yarjejeniyar Rum ta 1961 har zuwa ta Beijin ta 2012 kan wasannin da aka ɗauka a hoto mai motsi.

Idan za a rera waƙar wani mawallafi, akwai nasa haƙƙin. Yarjejeniyar Berne ta kafa mafi ƙarancin kariya na tsawon ran mawallafi da shekara 50 bayan rasuwarsa, wasu ƙasashe kuma sun kai 70. A tuntuɓi hukumar haƙƙin mallaka ko ƙungiyar da ke karɓar kuɗin mawaƙa a ƙasar da ake. Waƙar gargajiya da ba a san wanda ya fara ta ba, ko da doka ba ta kare ta ba, tana da masu ita, don haka a koma ga amsa ta huɗu.

Wane tanadin tsaro ne ba a sassauci a kansa?

Ƙofofin fita a buɗe, ba kujera ba waya a hanya, kuma a san iyakar mutanen da ɗakin zai ɗauka a tsaya a kanta. Ba wuta, ba tartsatsin wasa, ba kyandir a cikin gini. Gobarar da ta kashe mutum 100 a gidan rawa na Station a Amurka a 2003, da wadda ta kashe 242 a Santa Maria ta Birazil a 2013, duk daga tartsatsin dandali suka tashi. Tsoffin gine-gine wayoyinsu ba su san nauyin amsa-kuwwa da fitilu ba, don haka mai gyaran lantarki ya duba tukuna.

Kunne ma amana ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2022 cewa matsakaicin ƙara a wuraren wasa kada ya wuce desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti. A ƙaramin ɗaki babu dalilin kusantar wannan lamba, kuma kayan kiɗan gargajiya da yawa ba sa buƙatar makirfo sam. A sanar da maƙwabta lokacin farawa da na tashi, a gayyace su, a tanadi wurin zama na tsofaffi da hanyar masu keken guragu.

Idan aka ɗauko wasa daga muhallinsa aka kawo gidan tarihi, bai zama na bogi ba?

Ya canza, wannan babu musu. Waƙar da ake kwana ana yi an matse ta cikin rabin sa'a, mutanen da a da suke amshi yanzu suna zaune suna tafi. Amma canji kaɗai ba ya mai da abu na bogi. Yarjejeniyar 2003 da kanta ta ce al'umma suna sake ƙirƙirar gadonsu a kowane zamani. Inda ɓarna take shi ne a tilasta wa makaɗi sa tufafin da ba ya sawa, ko a hana shi sabon baiti don wai ba haka kakanni suka yi ba, ko a gaya wa 'yan kallo cewa abin da suka gani shi ne dukan al'adar. A bar mai wasan ya faɗa da bakinsa inda ake yin wannan waƙa a asali, da abin da aka rage yau. A jera kujeru a da'ira maimakon layi-layi, a bar fili ga wanda amshi ko rawa ta motsa.

Ni ɗan kallo ne. Me ake so in kiyaye?

Ka zo da wuri ka zaga kayan kafin a fara, za ka fi fahimtar abin da za ka ji. Kada ka jingina da akwatin nuni, kada ka ɗora jaka a kansa. Ka tambaya kafin ka ɗaga waya, ka kashe filasha. Kayan kiɗan mai wasa ba a taɓa su sai ya miƙo. Ka zo da yara, kuma idan an ba da damar tambaya, ka bar su su yi.

Ta ina ƙaramin gida zai fara, kuma me zai yi bayan an tashi taro?

A fara da zama guda, mai wasa ɗaya ko biyu, ba lasifika, da rana. Ranar Gidajen Tarihi ta Duniya, 18 ga Mayu, wadda ICOM ke shiryawa tun 1977, dama ce mai kyau ta gwaji. Idan an ga hannu ya faɗa, a tsayar da rana sananniya a kowane wata ko kowane zango, domin jama'a sun fi riƙe abin da ke da lokaci.

Washegarin wasa a zaga kayan ɗaya bayan ɗaya, a duba alamomin da aka sa a gindinsu, a kwatanta lambobin laima. A rubuta sunan kowane mai wasa, da sunan wanda ya koya masa, da waƙoƙin da aka yi da bayaninsu. Abin da aka ɗauka a ba shi lamba a rajista kamar kowane kayan gidan, a haɗa shi da takardar izini, a ajiye kwafi a wuri biyu daban-daban. Cikin makon kuma wani daga kwamiti ya je wurin makaɗan da nasu kwafin, ya ji abin da suke so a gyara kafin zama na gaba.